Saki Ba Ya Biyan Bashi: Jawabin Kwamitin Rance a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara Goma



Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, malamai da suka amsa gayyatarmu, iyayen gida da suka baro kasuwa da wuraren aiki suka zo, 'yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Da aka ce kwamitin rance ma zai yi magana yau, mun san abin da ake jira: a faɗi nawa aka bayar, nawa aka dawo da shi, a tafa, a buɗe kulolin abinci. To, wannan lissafin ma'aji ta riga ta karanta muku. Abin da muka zo da shi ba na tafi ba ne. Sai da muka yi jayayya a kwamiti ko ya dace a tayar da shi yau. Wata a cikinmu ta ce ba a kawo zancen saki wurin murna, kuma tana da gaskiyarta. Wadda ta rinjaye mu ita ce ta ce, a shekara guda yau ce kaɗai ranar da mazajenmu ke zaune da mu a rumfa ɗaya. In ba a faɗa yau ba, sai yaushe?

Zancen shi ne bashin da ake ci tare ana zaman aure, sannan auren ya mutu, bashin yana nan da ransa.

Bari mu fara da abin da ya faru a gabanmu. Mai labarin ta ba mu izini mu faɗa, da sharaɗin kada a ambaci suna, don haka waɗanda suka gane su riƙe bakinsu. 'Yar'uwarmu ce mai ɗinki, ba ta taɓa fashin zubi ba. Ta cika fom ta nemi rancen naira 400,000. A gurbin dalili aka rubuta ƙarin jari, wai za ta saro yadi a Kantin Kwari ta ƙara keke. Mata biyu maƙwabtanta suka tsaya mata garanto. Kuɗin bai kwana biyu a hannunta ba ya tafi kafin alƙalamin adaidaita sahu da maigidanta zai riƙa tuƙawa. Yarjejeniyar da suka yi, a ɗaki suka yi ta, su biyu, da dare: duk mako zai ware mata abin da za ta kawo wa ƙungiya. Kuma ya yi ta bayarwa, ba za mu zalunce shi ba. Wata huɗu ana biya a kan lokaci.

Daga nan zama ya fara tsami. Aka yi yaji, aka yi biko, aka sake yin wani yajin, sai takarda ta biyo ta gidansu. Aka zo aka kwashe kayan ɗaki. Adaidaita sahu kuwa yana nan ƙofar gidan da ta baro. Saura naira 250,000 a littafinmu.

Ranar da ta zo ofis tana cikin idda, ƙaninta ne ya rako ta. Ta ce, "Hajiya, ku je wajensa, ai kowa ya san shi ya ci kuɗin." Muka buɗe fayil. Sunanta ne, hotonta ne, yatsanta ne. Sunansa bai fito ko a layi ɗaya ba. Duk da haka muka aika masa. Amsar da ya aiko ita ce, shi bai taɓa cin bashin ƙungiyarmu ba. Mun ji zafin maganar, amma da muka zauna muka duba, bai yi ƙarya ba. Sai ya ƙara da cewa abin da ta ba shi taimako ne irin na mata da miji, ba wanda ya ce masa rance ne.

A nan muke son ku tsaya da mu, domin a daidai nan yawancinmu muke ruɗewa. Muna ɗauka bashi ɗaya ne. Biyu ne. Akwai wanda ke tsakaninta da ƙungiya, wannan a rubuce yake, da shaidu, da ranar biya. Akwai kuma wanda ke tsakaninta da mijinta, wannan kuwa ba takarda, ba shaida, sai Allah da bangon ɗaki. Saki bai taɓa na farko ba ko kaɗan, domin ba da ƙungiya aka ɗaura auren ba, balle a ce an sake ta. Na biyun ma saki bai goge shi ba. Abin da ya canja kawai, wanda jiya ake tambaya da murmushi a bakin tabarma, yau sai an bi ta kan waliyyi ko alƙali kafin a ji ta bakinsa.

Mun kai tambaya wajen malamai, ga wasunsu nan zaune, in mun yi kuskure su gyara mana. Abin da suka karantar da mu shi ne, a Musulunci aure ba ya haɗa aljihu. Dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, ribar sana'arta tata ce. Bashin da miji ya ci shi kaɗai ba ya hawa kanta don kawai tana aurensa, haka shi ma nata ba ya hawa kansa. Wannan kariya ce babba, kuma mata da yawa ba su san suna da ita ba. Mun sha ganin an zo ƙofar gida ana cewa a fito da firiza ko injin markaɗen matar gida saboda bashin da maigida ya ci a kasuwa. In kayan nata ne, kuma ba ta tsaya masa ba, ba ta ba da su jingina ba, ba mai ikon taɓa su. Amma wuƙar baki biyu gare ta. Yadda ba za a kama ki da bashinsa ba, haka ba za a kama shi da bashin da kika sa wa hannu ba, ko da a cikinsa kuɗin ya ƙare, sai in kin kawo hujja.

Hujja kuwa a gaban alƙali tsarinta sananne ne: mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa rantsuwa ce a kansa. A sha'anin dukiya ana son maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ku duba yadda aka sauƙaƙa. Mutum ɗaya adali da ya ji da kunnensa an ce rance ne, da ya isa ya ɗaga maganar 'yar'uwarmu. Ba ta da shi. Wata za ta ce, ai ni ta waya na tura masa, ga alat nan. Madalla, ki adana shi. Sai dai alat yana nuna kuɗi sun tashi daga nan sun sauka can, ba ya faɗin kyauta ce ko rance. In za ki tura, akwai ɗan gurbin da ake rubuta bayani, rubuta "rance" a ciki. Harafi biyar ne.

Akwai wani abu da malaman suka faɗa mana wanda ya sa wasunmu riƙe baki. Ciyarwa, tufatarwa da wurin kwana a kan miji suke, ko da matar ta fi shi kuɗi. In yana da hali ya ƙi yi, ita ta ciyar da kanta, abin ya zama bashi a wuyansa, tana iya nema ko bayan rabuwa. In kuwa babu ce ta hana shi, na wannan lokacin ya faɗi, ba a binsa. Abin da ta kashe a kansa shi kansa kuma, tana da damar neman a mayar mata, sai fa in da niyyar kyauta ta yi. Kun ji inda kalmar nan ta sake dawowa: kyauta ko rance. Mu mata mun iya cewa "haba, ba komai, ai duk ɗaya ne" ranar da ake shiri. Idan kin faɗi haka kina nufinsa har zuciya, Allah Ya ba ki lada, kuma kada ki dawo daga baya ki ce bashi ne, wannan ma zalunci ne. Amma kuɗin da kika ranto daga ƙungiya ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi. Zubin mai ƙosai ne, da mai kitso, da mai sayar da itace.

Mu koma kan mata biyun nan da suka tsaya mata, don su ne aka fi mantawa da su in ana ba da irin wannan labari. Dokar ƙungiyarmu kun san ta: in bashi ya tsaya, ajiyar masu garanto ma ta tsaya. Ɗaya daga cikinsu tana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne, an sa rana. Ta zo ɗiba muka ce ba hali. Ba ta yi aure a gidan ba, ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta taɓa hawa adaidaita sahun nan ba, amma sakin da aka yi a wani gida ya shigo har cikin bikin 'yarta. A fiƙihu wanda ya ɗauki lamuni mai biya ne. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya kawo cewa ba a bin mai lamuni sai wanda ya ci bashin ya rasa abin biya ko ba ya nan, to amma bazawarar da ta koma gidan iyaye da yara uku, keke ɗaya, ai ba ta yi nisa da wannan halin ba. Mijin ita mai garanton ya zo ya yi mana faɗa, ya ce da izinin wa matarsa ta ɗauki wannan nauyi. Da muka tambaya, ashe yana da abin kamawa: a Malikiyya matar aure in za ta ɗauki lamunin abin da ya haura sulusin dukiyarta, mijinta yana da ta cewa. Shekara goma muna karɓar garanto ba mu taɓa tambayar wannan ba.

Tunda mun zo kan laifi, bari mu faɗi namu. Mun sani. A cikin mu biyar da muka sa hannu aka fitar da kuɗin nan, aƙalla biyu sun san ba Kantin Kwari za shi ba. Unguwa ɗaya muke, ba abin da ke ɓuya. Muka kau da kai, muka ce ai rufin asirin gida ne, mace ta taimaki mijinta abin yabo ne. Masu garanto kuwa aka bar su da labarin yadi. Da an gaya musu gaskiya, wataƙila su tsaya, wataƙila su ƙi, amma da idonsu a buɗe za su yi. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. Sau nawa aka rubuta "jari" a fom alhali kuɗin haya ne, ko kuɗin makarantar yara, ko takin da maigida zai kai gona? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne gida ya nemi rance. Abin da ke cutar da mu shi ne nauyin gida ya hau kan sunan mutum ɗaya a ɓoye.

Namu na ƙungiya ma da sauƙi, domin mu mun san fuskar juna, ana iya zama a yi magana. Waɗanda suka ci na banki su ne abin tausayi. Tun 2014 aka shigo da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da yatsansa. A 2017 aka yi dokar da ta tsara kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wanda bai biya ba sunansa yana nan, duk bankin da ya je za a gani. Sannan daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ya ba banki damar, in ka sa hannu a kan sharaɗin lokacin karɓar rance kuma ka kasa biya, ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka da ke wasu bankunan. Ma'ana, matar da ta ba da BVN ɗinta aka ci bashi da sunanta, ko ta bar gidan, ko ta bar garin, ko ta yi wani auren, ranar da kuɗi ya shiga asusunta ana iya kwashewa. Kwamfuta ba ta karanta takardar saki. Haka masu ba da rance ta manhajar waya: lambar wa aka sa, hoton wa aka ɗauka, shi za a yi ta kira.

In kuma ku biyu kuka sa hannu, kada ki ɗauka rabi ne naki. Da yawa daga takardun banki suna ɗauke da sharaɗin cewa kowane ɗayanku ana iya binsa kuɗin gaba ɗaya. Mai bin bashi kuwa wanda ya fi sauƙin kamawa yake bi. Tsakanin mai shago a bakin titi da wanda ya ɗauki jaka ya tafi Legas ya canja layi, kun san wanda za a fara sallama wa. Don haka kafin ki dangwala yatsa, a karanta miki da Hausa, kuma mai karantawar kada ya zama shi mai son a karɓo kuɗin.

'Yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista, ku taku hanyar daban ce: dokar 1970 ce ke aiki a kanku, Babbar Kotu ce ke raba auren, kuma tana da ikon tsara yadda za a yi da dukiya tsakanin ma'auratan. Amma a nan ma wanda ya ba da bashin ba ya cikin shari'ar, takardar da ke hannunsa ita zai bi.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ake yi ranar sulhu. Manya sun zauna, ko a zauren mai unguwa, ko a ofishin Hisba, an ce shi zai ɗauki bashin ƙungiya, ita ta bar masa kaza. An yi fatiha an tashi, ita ta tafi da sanyin zuciya. Ba wanda ya aiko mana. Wata biyu shiru, sai ga mu a ƙofar gidansu, ta ce ai an mayar da bashin kansa. Wa ya mayar? Bashi ba ya tashi daga wuyan wani ya koma na wani sai da yardar mai kuɗin. Malamai suna kiran wannan hawala, kuma sun ce sai ya kasance shi wanda za a tura wa ɗin dama ana binsa, sai kuma mai bin bashin ya amince. In an cika wannan, na farko ya fita. In ba a cika ba, alkawari ne kawai tsakaninsu, ita kuma tana nan a littafi. Saboda haka duk zaman da za a ambaci kuɗin ƙungiya, a kira mu. Za mu zo da littafi, mu zauna daga gefe, ba ruwanmu da wanda ya yi laifi a auren. Kuma don Allah kada a cusa kuɗin abincin yara cikin wannan lissafi, a ce ta biya bashin shi kuma ya riƙa aiko da cefane. Cefanen yara dama a kansa yake, ba canji ba ne.

Iyayen gida, mun ga wasunku sun sunkuyar da kai. Ba ku kaɗai ake nufi ba. Mun ga inda mace ta ci bashin atamfa da kayan kicin wajen dillaliya, ta ce maigida zai biya, shi bai ma sani ba, aure ya mutu aka tare shi a masallaci. Mun ga wanda ya tsaya wa matarsa a banki da takardar albashinsa, ta nemi kul'i ta tafi, ana yankar albashinsa har yau. Kuma mun ga namijin da ya saki matarsa, bayan sati ya zo ofishinmu da kansa ya ce a rubuta saura a kansa, don shi ya ci. Allah Ya yi masa albarka. Kun san hadisin da aka kawo gawa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce e bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashin tsohuwar mata ma bashi ne.

Ga abin da kwamiti ya kawo, kuma babban taro ne zai yanke. Za a ƙara layi ɗaya a fom: wa zai yi aiki da kuɗin? In maigida ne, ko duka ko wani ɓangare, ba za mu hana ba. Sai dai ya zo da kansa, ya sa hannu a takarda ta biyu cewa ya karɓi kaza daga hannun matarsa a matsayin rance, da shaidu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, sannan ya shiga sahun masu tsaya mata. Masu garanto a karanta musu wannan layin kafin su dangwala, kuma kowace ta zo da sanin mijinta. Wadda aka gano ta ɓoye, za ta jira shekara kafin ta sake nema. Sannan wadda aure ya mutu mata tana da bashi a kanta, a ɗaga mata ƙafa har ta gama idda ba tare da tara ba, a sake yanka mata biyan daidai ƙarfinta, domin Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Wannan na ƙarshen zai ɗan rage abin da ake rabawa ƙarshen shekara, gara ku sani tun yanzu kafin ku ɗaga hannu.

Mun san abin da za a ce, don an riga an faɗa mana a kwamiti: wace mace ce za ta kalli mijinta ta ce zo ka sa hannu? Ai zai ce ta raina shi, ko tana shirin fita ne. Wannan tsoron gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amsarmu biyu ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware mata da miji ba. Ta biyu kuma, shi ya sa muke son ya zama doka. In doka ce, ba ke kika nema ba. Ki ce, "Wallahi Malam ni ma ban so ba, matan kwamitin nan ne ba sa jin magana." Ku ɗora mana, mun ɗauka. Dama an saba zaginmu.

Kuna son jin yadda aka ƙare da 'yar'uwarmu. Bai ƙare ba tukuna. Kawunta ya yi ta zirga-zirga har aka samu yayan mijin ya ce shi ya taɓa jin ƙanen nasa yana cewa kuɗin ƙungiyar matarsa ne, zai biya. Da wannan aka zauna, muna wurin, ya yarda da naira 150,000, ya sa hannu, yana kawowa kaɗan-kaɗan, wani watan ya kawo wani watan a ji shiru. Sauran naira 100,000 ita ke biya da keken ɗinkinta. Mun saki ajiyar mai aurar da 'ya bayan wasu mambobi uku sun yarda a riƙe tasu a madadinta, an yi biki, sai dai har yau gaisuwa ce kawai tsakaninta da maƙwabciyar da ta tsaya wa.

Sabon fom ɗin yana wajen sakatariya, a teburin bakin ƙofa. Kowace ta ɗauki ɗaya ta kai gida, a karanta tare da maigida, wadda ke da gyara ta kawo kafin taron wata mai zuwa, ranar za a kaɗa ƙuri'a. Wadda kuma take da bashi yanzu haka da sunanta alhali kuɗin yana wani hannun, ta same mu bayan an ci abinci, ko ta aiko a ɓoye. Ba tara, ba tonon asiri, takarda ta biyun kawai za mu taya ta rubutawa.